Jirgin Cikin Garin Kano: Wa Zai Riƙe Shi Bayan Bikin Buɗewa?

Tun shekarar 2016 ake yi wa Kanawa albishir da jirgin ƙasa na cikin gari. A waccan shekara ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin gina dogo na China kan aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.85: layuka huɗu masu tsawon kusan kilomita 74, da za su taso daga Dawanau da Janguza da Kwanar Dawaki da Jogana su haɗu a Bata. Ba a je ko'ina ba maganar ta zama abin cece-kuce. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya soki ciwo bashin China domin irin wannan aiki a bainar jama'a. A 2020 kuma, da gwamnati ta nemi rancen Yuro miliyan 684 domin kashin farko, wasu dattawan jihar ƙarƙashin jagorancin marigayi Bashir Tofa suka ce ba da yawunsu ba. Aka yi ta ja-in-ja har gwamnatin ta sauka ba a kafa ko ginshiƙi ɗaya ba. Daga baya maganar ta sake shigowa ta wata ƙofa, domin gwamnatin tarayya ta sa jiragen cikin gari na Kano da Kaduna a kasafin kuɗinta na 2025. Abin da ya dame ni shi ne duk tsawon shekarun nan muhawarar ba ta wuce gaɓa ɗaya ba, wato a ci bashi ko kada a ci. A ganina Kano na bukatar jirgin, kuma a inda gari ya cushe dole a ɗora shi bisa ginshiƙai a saman titi. Sai dai ginin shi ne ɓangare mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da wuta da hukumar da za su tayar da jirgin kowace asuba har shekara talatin, kuma wannan ne ba a jin ana tattaunawa.

Bukatar kam ba ta da musu ga wanda ya san yadda garin yake zaune. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye mutum kusan miliyan 2.8, yau kuwa ƙiyasi ya haura miliyan huɗu, kuma yawancin ƙarin ya zauna ne a bakin gari, can wajen Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Mariri da Na'ibawa da Kurna da Bachirawa. Wurin neman abinci kuwa bai matsa ba. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai da Kurmi duk suna cure a 'yan kilomitoci kaɗan, titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Maiduguri da na Gwarzo kuma duk can suke kwarara. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, nauyin ɗaukar wannan jama'a ya koma kan adaidaita sahu. A tsaya tsakanin Bata da Kwari bayan la'asar a gani: 'yan sahu hanci da gindi, kowa na neman ya cusa kai inda ba wuri, ɗan dako da dilar atamfa a ka yana ratsa tsakaninsu, tirela ta tsaya tana sauke katon-katon a bakin Singa, 'yan tebur sun cinye hannu guda na titi, ɗan KAROTA yana ta busa usur ba mai saurarensa. Ɗan sahu kan ɗauki mutum uku a baya, ya ƙara ɗaya a gefensa. Jirgi mai tarago shida irin wanda ake gani a manyan biranen Asiya yana kwasar fiye da mutum 1,500 a sahu ɗaya, aikin adaidaita kusan 400 ke nan. Gadojin sama da na ƙasa da gwamnatoci suka yi ta ginawa, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Dangi da Hotoro, sun sassauta mahaɗar da aka yi su a kai, amma ba su rage yawan ababen hawa ba, sai dai su tura cunkoson zuwa shatale-talen gaba.

Me ya sa sai a sama? Domin a ƙasa babu wuri, a ƙarƙashin ƙasa kuma babu kuɗi. Haƙa rami a shimfiɗa dogo yakan ninka kuɗin ginshiƙai sau biyu ko fiye, sannan yana bukatar injinan zuƙe ruwa da na shigar da iska waɗanda ba sa hutawa dare da rana. Garin da magudanansa kan toshe a Agusta har ruwa ya shiga shagunan Kwari bai kamata ya soma da rami ba. Shimfiɗa dogo a tsakiyar titi kuma an gwada shi a Addis Ababa, inda dogayen shingaye suka raba unguwanni gida biyu, mai son tsallaka titi sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami mashiga. Dhaka, babban birnin Bangaladash, wanda ya fi Kano cunkoso nesa ba kusa ba, ya zaɓi ginshiƙai. Layinsa na farko da aka buɗe a Disamban 2022 da rancen Japan yana ɗaukar mutum daga Uttara zuwa Motijheel, wajen kilomita 20, cikin ƙasa da minti 40, kuma fasinjansa sun haura dubu 300 a rana. Amma jirgin sama-da-titi yana da nasa larurori, wasunsu ma na Kano ne kaɗai, kuma injiniyan da ya zo daga wata ƙasa ba lallai ya hango su ba. Gidan Bahaushe tsakar gidansa a buɗe take, a nan mata ke girki da wanki, banɗakin gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ma ba rufi gare shi ba. Taragon da ke wucewa a tsayin bene mai hawa uku, fasinja suna leƙo ta taga, zai tayar da rigimar da ba a sa ta a lissafi ba, sai fa in tun a zane an tanadi katangar kariya a wuraren da layin ya ratsa gidajen zama. Ga kuma badala da ƙofofinta, waɗanda aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kuma faɗaɗa titi ya riga ya ci tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010. A Lahore ta Pakistan, shari'a kan kusancin layinsu da lambun Shalimar da wasu wuraren tarihi ta tsayar da aiki a waɗannan wurare har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarshen 2017. Mafita ita ce layin ya bi manyan titunan waje, ya ƙyale cikin birni.

Duk waɗannan zane mai kyau yana iya warware su. Abin da zane ba ya warwarewa shi ne ɗabi'ar da siyasarmu ta koya daga gina gada. Gada idan an gama ta an yanke ƙyalle, ta gama neman abu a wurin gwamnati sai ɗan fenti da fitila, ko an yi watsi da ita shekara goma mota za ta hau ta sauka. Shi ya sa gwamnoni ke son ta: ana gama ta cikin zango ɗaya, ana ganin ta a hoto, ba ta kuma bin kowa bashi. Jirgi kuwa doki ne, sayensa ba shi ne wahala ba, harawa da dusar kullum su ne ke tona asirin mai shi. Akwai albashin direbobi da masu sayar da tikiti da masu gadi, akwai ƙafafun ƙarfe da burki da ke cinyewa, akwai na'urar sigina da ke hana jirgi biyu haɗuwa, akwai lif da matakala mai tafiya da kanta, waɗanda in sun lalace tsohuwa da mai juna biyu da gurgu sun rasa hanyar hawa tashar da ke sama. Ƙurar hunturu da zafin bazara na Kano kuma ba sa raga wa inji. Ba sai an je nesa neman shaida ba. Jirgin cikin garin Abuja ya ci fiye da dala miliyan 800, dala miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na China. An buɗe shi a Yulin 2018, aka dakatar da shi a 2020 lokacin korona, bai sake motsi ba sai a Mayun 2024 bayan an sake kashe kuɗi wajen gyaran abin da ɓarayi da zama suka lalata. Shekara huɗu bashi yana nan daram, jirgi yana kwance. Tun farko ma an ja layin zuwa filin jirgin sama da Idu da gefen Kubwa, an bar hanyar Nyanya da Mararaba inda ma'aikata ke kwana a cunkoso, tashoshi da dama kuma ko hanyar mota ba su da ita. Na Addis Ababa, wanda aka buɗe a 2015 kan dala miliyan 475, ya soma da jirage 41, bayan 'yan shekaru fiye da rabinsu suka tsaya saboda babu kuɗin waje na sayo kayan gyara. A biranen nan biyu an gama gini lafiya, an yi biki, an ɗauki hoto.

Wuta kaɗai ta isa ta kayar da aikin. Jirgin da ke tafiya da lantarki a saman ginshiƙai ba a ɗauke masa wuta, domin in ya tsaya tsakanin tasha da tasha da mutum dubu a ciki, a watan Afrilu, ba ƙofar da za a buɗe su sauka. Babban layin wutar ƙasa kuwa ya faɗi sau da dama a 2024, a Oktoban shekarar ma yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata turakun da ke kawo mata wuta. Legas ta san da haka, shi ya sa ta yi wa layinta na Marina zuwa Mile 2 tashar wuta tasa ta kansa. Abin da Kano ke da shi a hannu, wato megawat 10 na madatsar Tiga da wasu 10 na hasken rana a Kumbotso, tuni famfunan ruwan sha da fitilun titi da masana'antu ke jiransa, bututun iskar gas na AKK da aka shirya zai kawo gas Kano kuma ya daɗe yana matsayin alkawari ga mai masana'anta a Sharaɗa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da sayar da ita, kamar yadda gyaran tsarin mulki na shekarar ya ba su ikon gina dogo. To, duk takardar aikin da ba a rubuta a cikinta inda wutar za ta fito da nawa za ta ci ba, ba ta cika ba.

Sai lissafin kuɗi, wanda a nan ne dattawan da suka ƙi rancen 2020 suka yi gaskiya, ko da yake ba dukan gaskiyar ba. A ƙarshen 2016 dala tana kan kusan naira 305 a farashin gwamnati, aikin dala biliyan 1.85 yana nufin wajen naira biliyan 564, ninki biyu na kasafin jihar a waccan shekara. A farashin naira 1,500 da dala ta kai bayan 2023, adadin nan ya koma kusan naira tiriliyan 2.8, alhali kasafin da jihar ta shiga 2025 da shi bai wuce biliyan 720 ba. Da an ci bashin a lokacin, da yau ana biyan kusan ninki biyar a naira ba tare da an ƙara ko tarago ɗaya ba. Fasinja da naira yake biya, mai bin bashi da mai sayar da kayan gyara kuwa dala suka sani. Sannan in ban da ƙalilan irin na Hong Kong, wanda ke samun riba daga gine-ginen da ke kan tashoshinsa, jiragen cikin gari a duniya ba sa biyan kuɗin gininsu daga tikiti, da yawa ma ko kuɗin gudanarwa ba sa haɗawa sai gwamnati ta cika. Da me za a cika? A 2023 kuɗin shigar da Legas ta tara a cikin gida ya haura naira biliyan 800, na Kano bai kai biliyan 40 ba. Shigowar gwamnatin tarayya ta rage nauyin gini, wannan gaskiya ne kuma abin maraba ne. Amma kasafin tarayya na shekara-shekara ne, abin da aka rubuta daban abin da aka saki daban, kuma ba a saba jin Abuja na biyan albashin direban jirgin wata jiha ba. Ranar da aka miƙa makulli, giɓin na Kano ne.

Masu ɗokin aikin sukan ce ai Legas ta yi, me zai hana mu? Legas ɗin ce ma hujjata. Ta kafa hukumar sufurinta, LAMATA, tun 2002. A 2008 ta buɗe hanyar bas ta musamman daga Mile 12 zuwa CMS, ta koyi yadda ake ƙirga fasinja da tsara lokaci da zama da ƙungiyoyin direbobi. Ta fito da katin Cowry wanda mutum ke biyan bas da jirgin ruwa da shi. Sai a Satumban 2023 jirginta na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar mutane, kilomita 13 da tasha biyar, bayan kusan shekara 14 ana aiki da gwamnoni uku. Wato jihar da ta ninka Kano kuɗin shiga fiye da sau ashirin ta ɗauki wannan lokaci kafin ta gama kilomita 13, mu kuwa da 74 muka buɗe baki. Kano tana da KAROTA tun 2012, amma aikinta kame da tara da ba da hannu ne. Abin da ake bukata hukuma ce mai doka a bayanta da kuɗin shiga nata na kanta, wadda sauyin gwamna ba zai rushe ta ba, a jihar da kowa ya san sabuwar gwamnati kan yi watsi da aikin wadda ta gada, wani lokaci ma ta sa katafila.

Akwai masu cewa to a bar jirgin gaba ɗaya a sayi bas. Rabin maganarsu daidai ne: a titin Zariya da na Maiduguri, inda faɗi ya isa, hanyar bas ta musamman za ta yi aiki da ɗan kaso na kuɗin dogo, kuma ita ce za ta nuna ainihin yawan fasinja kafin a zuba kankare. Amma a zuciyar kasuwa, inda hannu ɗaya na titi ya riga ya zama rumfuna, ba wanda zai iya tsare wa bas hanyarta, kuma garin da ke ƙaruwa haka zai fi ƙarfin bas kafin yaran da ke firamare yau su yi aure. Wasu kuma na ganin duk wannan taka-tsantsan hanya ce ta sa Arewa ta rasa rabonta, suna tuna yadda a 1985 gwamnatin soja ta soke jirgin da Gwamna Lateef Jakande ya fara a Legas, birnin ya yi asarar kusan shekara arba'in. Wannan tsoro yana da tushe, ni ma ban ce a mayar da kuɗin ba. Cewa nake a zuba su a layi ɗaya, gajere, a hanyar da ƙidayar fasinja ta nuna ta fi cika, a gama shi da wutarsa da ma'ajiyarsa da kwantiragin gyara na shekaru, maimakon a kafa ginshiƙai a hanyoyi huɗu su tsaya tsirara suna tare titi.

Ɓangaren da 'yan siyasa suka fi tsoron taɓawa shi ne 'yan adaidaita. Dubun-dubatar samari ne ke ci da iyalinsu daga wannan sana'a, yawancinsu ba su ne masu mashin ɗin ba, balas suke kaiwa kowace yamma. Yajin aikinsu na Fabrairun 2021 da na Janairun 2022 ya sa ɗalibai da 'yan kasuwa takawa a ƙasa, a ƙarshen 2022 kuma da gwamnati ta hana su bin wasu manyan tituna, ba a daɗe ba ta janye. Jirgin da aka gina a kan gaba da su ba zai zauna lafiya ba, kuma ma ba zai cika ba sai da su, domin dogo ba ya shiga lungu. Mai zama a cikin Ɗorayi sai ɗan sahu ya kawo shi tasha. A nan ne farashi zai yanke hukunci: in kuɗin sahu zuwa tasha da kuɗin tikiti suka fi abin da mutum ke biya yau daga ƙofar gidansa zuwa Kwari, to zai ci gaba da zama a cunkoso, musamman tun da cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa kowa ƙirga canjinsa. Dole a yi wa 'yan sahu wurin tsayawa a gindin kowace tasha, a shigo da ƙungiyoyinsu tun ana zane. Kada kuma a manta cewa asalin adaidaita sahu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau an kawo shi ne domin mata su daina hawa acaɓa. Alƙahira da Dhaka duk sun keɓe wa mata tarago, a Kano wannan ba ado ba ne, sharaɗin samun rabin fasinja ne.

Saura kaya. Mai zuwa Kwari ko Singa ko Dawanau ba da jakar ofis yake dawowa ba, da ƙulli da kwali da buhu yake dawowa, jiragen cikin gari kuwa an saba ƙera su ne domin ma'aikacin da ba ya riƙe da komai sai waya. In aka kwafo dokar hana manyan kaya daga wani birni, an kori 'yan kasuwar da aka ce dominsu aka yi layin. Ana bukatar lif mai faɗi, da wurin ajiye kaya a tarago, da tsarin da zai bar 'yan dako su hau har bakin jirgi. Haka nan layin farko ya kamata ya haɗu da tashar sabon dogon Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, domin baƙin da za su sauka daga Katsina da Nijar kasuwannin nan za su nufa. Akwai kuma dukiyar da ke cikin gari tun 1911 ba a cika tunawa da ita ba, wato tsohon dogon da ya shigo ta Challawa ya ratsa tsakiyar gari, da reshensa da ya fita ta Jogana zuwa Nguru. Legas ta bi irin wannan tsohuwar hanya ta yi layinta na Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, cikin shekara uku kacal, domin ba ta sayi fili daga farko ba. A Kano filin gefen dogon yana hannun hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, kuma shaguna da gidaje suna ta matsowa kansa. Auna shi, da kafa masa iyaka, da hana ba da takardar gini a kan hanyoyin da aka zana wa jirgin, aiki ne da gwamnatin jiha da ta tarayya za su iya yi a bana ba tare da rancen kowa ba, kuma kowane shago da aka bari ya tashi a wurin, diyyarsa daga kuɗin aikin za ta fita.